Ranar da Na Ja Igiyar da Ba ta Mota Ba

Ba zan taɓa mantawa da wannan tafiya ba, kuma ko na yi niyyar mantawa Kawu Iro ba zai bar ni ba. Har gobe in ya hango ni na shawo kwanar layinsu a Agege, sai ya dafe ƙugunsa da hannu biyu ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, kowa ya riƙe wandonsa, ga direba nan!" Mutane su yi ta dariya, rabinsu ba su ma san tushen maganar ba. To na gaji. Gara in ba da labarin da bakina, don in na bar wa Kawu, kullum sai ya ƙara masa gishiri.

Ni haifaffen Agege ne, sana'ata jigilar kaya daga kwata. Fatu ne, ƙiraga ne, wani lokaci kawuna da ƙafafun shanu, duk in loda in kai wa masu su. Ina da wata akori-kura tokumbo, wato kwancen Turai, a takarda an rubuta fara ce, a ido kuwa sai dai kowa ya faɗi ra'ayinsa. Ina son motar nan, ba na ɓoyewa. Irin mai jan ƙafa huɗu ce. Ga wanda bai san harkar ba, a titi mai kyau ƙafafun baya ne kawai ke tura ta, in an shiga taɓo sai ka sa wata ƙaramar giya, ƙafafun gaba su ma su kama aiki. Waɗanda suka ƙera ta sun sa mata wani ɗan akwati a ƙasa mai aiki da iska ta cikin siraran tiyo, shi ne yake haɗa ƙafafun gaban da inji da kansa, ba sai ka wahala ba. Dabara ce mai kyau, sai dai masu dabarar ba su taɓa haɗuwa da ɓerayen kwatarmu ba. Ɓeran da ya ƙoshi da kitse, in ya so wanke baki, tiyon motata yake nufa.

Da abin ya ishe ni na kai ta wurin Wasiu, bakanikena, Bayarabe ne amma in yana Hausa sai ka rantse a Fagge aka yanke masa cibiya. Ya shiga ƙarƙashinta ya fito yana kaɗa kai.

"Oga, manta da akwatin nan," ya ce. "In na sa sabon tiyo, ɓera godiya zai yi mini. Mu cire shi gaba ɗaya mu sa kebur. Ka ja da hannunka, ƙafafun gaba su kama. Ka mayar, su huta. Ɓera ba ya cin ƙarfe."

Maganar ta shige ni. Matsalar ɗaya ce, kebur ɗin da yake da shi a garejin na wani mataccen keke mai ƙafa uku ne, kuma gajere ne. Da ya ratso shi ta ƙasan mota, bai iso wurina ba, sai ya ɓullo a ƙarƙashin kujerar mai zaman gaba, daidai tsakanin ƙafafun wanda zai zauna. Don Allah a yi wa Wasiu adalci, ya gaya mini in bari gobe ya shiga Ladipo, kasuwar kayan mota, ya samo dogo. Ni ne na ce ina! Gobe ta yi nisa, ai hannuna dogo ne. Na je gida na yanko wata farar igiya daga igiyar shanyar Innata (har yau ba ta san inda ta tafi ba), na ɗaura a bakin kebur ɗin. In na ɗan karkata na miƙa hannun dama na fizge ta, sai ka ji ƙwas, gaba ta kama.

Daga nan fa bakina ya buɗe. A teburin mai shayi ba ni da wata hira sai ta igiya. Na ce motata ko cikin ruwan lagun aka jefa ta za ta fito. Na ce masu manyan motocin Ikeja in suna so in koya musu, su zo da littafi. Har nakan kira mutane su leƙa su ga igiyar, kamar wanda aka yi wa haihuwa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce baki shi ke yanka wuya.

To a lokacin ina neman Sadiya, 'yar Alhaji Garba dillalin fatu. Alhaji mutum ne ƙaƙƙarfa mai tumbi da kwarjini, ba ya yawan magana, in ya ce "to" sai ka kwana kana lissafin wace irin "to" ce. Nakan ɗaukar masa fatu jefi-jefi, amma tun da na fara zuwa zance gidansa ban ƙara sanin kalar idonsa ba. Manyana sun je, ya ce za a duba. Aka yi ta dubawa. Ashe akwai wani ɗan gayu ma'aikacin ofis a Ikeja da shi ma ya turo nasa manyan, mai wata doguwar mota da cikinta ke kusan lasar ƙasa, in ya buɗe ƙofa ƙamshi ya riga shi fitowa. Ni kuwa in na buɗe tawa ƙofar, ƙudaje ne ke fara yi mini maraba. Wallahi ina son yarinyar nan, kuma ina ji a jikina tana neman kuɓuce mini.

Ran nan da hantsi sai ga wayarta. "Ka saurare ni da kyau," ta ce. "Ranar Asabar Baba zai je ɗaurin aure wata sabuwar unguwar Hausawa can bayan Ota. Shi ne waliyyin amarya, 'yar marigayi amininsa ce, in bai je ba babu mai ba da ita. Hanyar ta lalace da ruwan nan, mutumin Ikeja ya ce motarsa ba za ta iya ba. Kuma na ji Baba yana ce wa Kawu Iro a tafiya ake sanin mutum, in an dawo zai yanke magana. Ka gane?"

Na ce, "Na gane, ranki ya daɗe."

"Ka wanke motar don girman Allah. Da sabulu, ba ruwa kawai ba."

Ai ban tsaya wata-wata ba, na aika a gaya wa Kawu Iro, ƙanen Alhaji, cewa ni zan kai su. Na wanke motar nan har ta fara tuna cewa ita fara ce. Na kunna mata turaren wuta kamar ɗakin amarya. Na ja igiya na mayar, na ja na mayar, ƙwas, ƙwas, lafiya ƙalau. A raina na ce ɗan Ikeja, sai dai ka ji labari.

Abin da ƙwaƙwalwata ba ta kawo mini ba shi ne, wa zai zauna a gaba? Ai kowa ya sani, babba ne ke zaman gaba. Ranar Asabar da safe Alhaji ya fito cikin farar shadda, babbar riga ta sha sitaci tana ƙara in ya motsa. Kawu Iro da wasu dattawa suka haye baya kan benci da huhun goro da kwalayen alewa. Na ruga na buɗe wa Alhaji ƙofa kaina a ƙasa. Ya shiga ya zauna, ya baza rigar nan ta rufe kujera, ta rufe ƙafafunsa, ta sauka har ƙasa. Ina ji ina gani igiyata ta ɓace a ƙarƙashi kamar ɗan tsako a cikin fiffiken uwarsa. Na ce wa kaina kada ka damu, wataƙila hanyar ta bushe.

(Na san akwai 'yan zamani da ke zama da surukansu a kujera ɗaya suna kallon ƙwallo har su tafa. Allah Ya ba su lafiya. Mu a gidanmu ba a kallon suruki a ido, ba a cin abinci a gabansa, ba a kama sunansa, balle a aike shi. In ka hango shi a lungu, lungun ya haramta gare ka.)

Muka kama hanya. Daga Agege har muka wuce Sango, abin da ya shiga tsakaninmu bai wuce "Baba, an tashi lafiya?" da "Lafiya lau" ba. Shi yana jan carbi, ni ina riƙe da sitiyari kamar mai jarrabawar lasisi. Wani direban danfo, motar haya, ya shigo mini ta hagu, a ranar da ba haka ba da sai ya ji tarihin kakanninsa da Yarabanci, amma na ce, "Allah Ya shirye ka." Can da muka bar kwalta muka shiga jar ƙasa, sai Alhaji ya yi gyaran murya.

"An ce motar nan taka ba ta kafewa."

Wato surutuna na teburin mai shayi ya riga ni isa gidansu. Na ce, "Da ikon Allah, Baba."

Ba mu yi nisa ba muka tarar da wurin. Hanya ta sauka cikin wani kwari, ruwan da aka sheƙa ya mai da ita jan kunu daga wannan baki zuwa wancan. 'Yan okada sun yi layi a gefe suna jiran su ga wanda zai fara gwadawa. A can tsallake kan tudu wasu matan Yarabawa suna gasa ayaba da masara. Mai hankali a nan zai tsaya ya ja igiyarsa kafin ya shiga. Ni kuwa na saci kallon farar rigar da ta rufe igiyar, na sa ƙaramar giya don in yaudari kaina, alhali na san in ba a ja kebur ba ƙafafun gaba 'yan kallo ne. Na yi bisimilla na danna ciki da gudu.

Mun kai tsakiya. Daidai tsakiya, kamar an auna. Motar ta yi wani nishi, bayanta ya yi rawa, ta zauna.

Na taka totur, ƙafafun baya suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna haƙa wa kansu kabari. Na sa ribas, ta ƙara nutsewa. Kawu Iro ya bubbuga rufin mota ya leƙo ta tagata.

"Direba, ina ƙafa huɗun da kake cika mana baki da su? Ni biyu nake gani suna aiki, biyun gaban ko sun tafi hutu ne?"

Na ce, "Yanzu za su kama, Kawu."

Ga maganin a kusa, bai fi kamu biyu daga gwiwata ba. Amma ta yaya? In ce Alhaji ya sauka? Taɓon ya kai gwiwa, ga farar shadda, ga shi waliyyi. In ce ya ja mini? Na fara jera maganar a raina. "Baba, ɗan buɗe ƙafarka." A'uzubillahi! "Baba, ɗaga rigarka." Wannan ta fi ta farko muni. "Baba, sunkuya ka laluba." Subhanallahi, ni ɗin wa? Duk wadda na ɗauko sai harshena ya ƙi ɗagawa. Gaba kura baya sayaki, ga gumi yana bin bayana kamar an buɗe famfo.

Dattawan baya suka gaji da zama, suka naɗe wanduna suka dira cikin taɓo, wasu 'yan okada suka taya su. Kawu ya ce, "Oya, taka!" Na taka. Ta madubi na ga abin da ya faru. Ƙafafun baya suka ɗebo jan taɓo suka watsa musu tun daga hula har ƙasa. Wani dattijo da ya sha kwalliya da shuɗin yadi ya koma kamar tukunyar da ba a gasa ba. Kawu ya tofar da laka ya zage ni da Hausa, da ya ga ba ta isa ba ya ƙara da Yarabanci.

Wayar Alhaji ta yi ƙara. Na ji ana cewa liman ya iso, jama'a sun taru, shi kaɗai ake jira. Ya ce, "Muna hanya." Ya ajiye wayar, ya dubi agogonsa sau ɗaya. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. A cikin wannan kallon agogon na ga Sadiya tana shiga doguwar motar Ikeja tana ɗaga mini hannu.

Sai Shaiɗan ya kawo mini shawara. Ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙasan ƙofa, don haka Alhaji ya tattare rigarsa ya ɗora kan gwiwoyi. Ya lumshe ido yana jan carbi. Ta gefen ido na hango bakin wata farar igiya tana lilo tsakanin gwiwoyinsa. Na ce alhamdulillahi, ga ta nan. In na miƙa hannu a hankali na fizge, ko ji ba zai yi ba. Amma kunya ba za ta bar ni in kalli wajen ba, don haka na juyar da fuskata gaba ɗaya waje ta tagata, kamar ina nazarin taɓo, na aika hannun dama shi kaɗai ya je ya yi aikin.

Hannu ya tafi, ya laluba, ya kama igiya. Na ja. Ta ɗan turje. Alhaji ya ce, "Hmm." Na ɗauka cikin zikirinsa ne. Kebur ɗin dama yana da tauri, sai an sa ƙarfi, don haka na cije leɓe na fizga. Sai na ji ta saki ta biyo ni sumul. A raina na ce kai, Allah Ya yi wa Wasiu albarka, ashe ya sa masa mai. Ina jiran in ji ƙwas, ban ji ba. Igiya sai zuwa take. Na naɗe ta a hannu na ƙara ja, ƙafata a kan totur, inji yana kururuwa, dattawa suna shan wanka a baya, ni kuma ina ta jawo igiya kamar mai ɗebo ruwa a rijiya. Har sai da ɗaya bakin ya fito ya faɗo kan cinyata.

Na duba. A bakinta akwai ɗan tuntu mai kyau, saƙar hannu. Igiyar shanyar Innata ba ta da tuntu.

Ƙafata ta zame daga totur, mota ta mutu. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar taɓo daga madigadi. A hankali na juyo, karo na farko tun da na fara neman 'yarsa na kalli Alhaji Garba ido cikin ido. Hannunsa ɗaya riƙe da carbi, ɗayan ya damƙe ƙugun wandonsa. Zariyarsa kuwa, dukkanta, tana naɗe a hannuna.

Ya ce, cikin sanyin murya, "Ka gama? Ko da saura?"

Ya nuna abin da ke hannuna da haɓa.

"Yaro, me zariyata ta yi maka?"

Duk cikin maganganun duniya, ku ji wadda na zaɓo. Na ce, "Baba, na ɗauka ta mota ce."

"Motar taka wando take sawa?"

Jama'a, na roƙi Allah taɓon nan ya buɗe ya haɗiye ni da motar gaba ɗaya, bai buɗe ba. Dole na sunkuyar da kai na gaya wa sitiyari gaskiya, Alhaji yana saurare. Na yi bayanin ɓera, na yi bayanin Wasiu, na yi bayanin gajeren kebur da inda ya ɓullo. Alhaji ya sunkuya da ƙyar saboda tumbi, hannu ɗaya na tsaron wando, ɗayan ya shiga ƙarƙashin kujera ya fito da tawa igiyar.

"Wannan?"

"Ita ce, Baba."

"Tun ɗazu tana nan?"

"Tun daga Agege, Baba."

Ya fizge ta sau ɗaya. Ƙwas.

Na tayar da mota, na ɗan taɓa totur. Kai! Ka ga motar nan ta dafe ƙasa da ƙafafun gaba ta yunƙura ta fice kamar ba ita ce ta gama wulaƙanta ni ba. Abin da na manta shi ne Kawu Iro yana jingine da bayanta da dukkan ƙarfinsa yana turawa. Da ta fice, sai ya bi ta da fuska.

Kuna tsammani an gama? Ai yanzu aka fara. Na tsaya kan tudu, daidai gaban masu gasa ayaba. Alhaji ba shi da halin sauka, don in ya miƙe wando zai riga shi isa ƙasa. Zura zariya kuwa ba a yin ta wando yana jiki. Ya ce in fita. Na fita na juya baya. Na ji ƙarar shadda, na ji nishi, can sai gilashi ya sauka kaɗan, hannu ya fito riƙe da farin wando.

"Wanda ya zare, shi zai zura," in ji shi.

Haka na tsaya a bakin hanya, rana tsaka, riƙe da wandon mutumin da nake neman 'yarsa, faɗinsa ya kai buhun gawayi, ina ƙoƙarin cusa zariya a ƙubaka da ɗan yatsa. Ta shiga kaɗan ta dawo, ta shiga ta dawo. Matan nan suka bar ayaba tana ƙonewa suka zuba mini ido. Wata babba a cikinsu ta ce, "Aboki, kilode? Me ya faru? Tela ne kai ko direba?" Sauran suka kwashe da dariya har da tafi. Ita ce dai ta ji tausayina ta ciro fil daga ɗankwalinta ta ba ni. 'Yan okada kuwa sun kewaye ni suna ba da shawara, wannan ya ce ta dama, wancan ya ce ta hagu.

Ina cikin haka sai ga Kawu Iro ya hauro, ja wur daga sama har ƙasa, idanu da haƙora kawai ake gani. Ya zo da niyyar ya ci mutuncina. Ya dube ni, ya dubi wandon, ya leƙa ya ga yayansa zaune a mota ya ƙudundune cikin babbar riga yana kallon gaba kamar alƙali. Sai kawai ya zauna a ƙasa daɓas, ya kama ciki. Dariya ta hana shi numfashi, sai nuna ni yake da yatsa yana cewa, "Wayyo Allah, zan mutu!"

Mun isa ana gab da fara tunanin ɗaga auren. Alhaji ya shiga taro fes da shi, fari tas a tsakiyar tawagar jajayen mutane, ya ba da auren marainiyar amininsa, aka shafa fatiha. Ni ban fito daga mota ba. An kawo mini shinkafa na ce azumi nake. A hanyar dawowa na ja igiyata tun kafin kowa ya shiga, muka ratsa kwarin nan kamar kan kwalta. Sai dai har muka iso gida na lura hannayen Alhaji biyu suna harɗe a kan cikinsa, ko carbin bai ja ba.

Na san magana ta ƙare. Sadiya ta yi ta kira na kasa ɗauka, me zan ce mata? Na daina zuwa teburin mai shayi. Abinci ya daina shiga. Har na fara tambayar yadda harkar jigila take a Ojo, don ban ga yadda zan ci gaba da zama gari ɗaya da mutumin nan ba. Ba kunyar kaɗai ke cina ba, baƙin cikin rasa yarinyar ne, kuma da hannuna, hannun dama ma.

Bayan 'yan kwanaki Kawu Iro ya zo har gida ya ce Alhaji na kira. Muka same shi a rumfarsa cikin tarin fatu. Na durƙusa tun daga bakin ƙofa. Alhaji ya ce:

"Na yi tunani. Yaron nan na Ikeja mai hankali ne, ko singiletina bai taɓa gani ba. Kai kuwa ka riƙe wandona a bakin titi gaban matan Yarabawa. In na ba shi Sadiya, kai ka zama bare, bare kuwa bakinsa ba shi da linzami, balle naka da na san tsawonsa. In na ba ka, ka zama ɗan gida, abin kunyata ya zama naka, dole ka rufe."

Na ɗago kaɗan, ban yarda da kunnena ba.

"Sannan," ya ci gaba, "mutumin da ya gwammace ya binne dattawa a taɓo da ya ce mini ɗaga ƙafa, sakarai ne. Amma sakarcin wanda aka yi wa tarbiyya ne, ana iya zama da shi. Ka turo manyanka. Sharaɗina ɗaya, ka mai da igiyar nan ɓangarenka."

Ban san sa'ad da hawaye suka zubo mini ba. Na ce, "Na gode, Baba, Allah Ya ƙara girma." Kawu Iro yana gefe yana danne dariya har kafaɗunsa na rawa. (Alhaji ya yi lissafin rufe bakina, ya manta da na ƙanensa. Kafin a kai lefe labarin ya isa Alaba, shi ya sa ma yau nake da bakin faɗa.)

Daga rumfar ban zarce ko'ina ba sai garejin Wasiu. Muka shiga Ladipo tare muka samo kebur dogo, ya ɓullo da shi daidai gwiwata ta hagu, can jikin ƙofata, inda ko da gangan hannuna ba zai haɗu da fasinja ba. Na sa aka yi masa mariƙin ƙarfe, na shafe shi da jan fenti. Babu igiya, babu fari.

Ranar ɗaurin aurenmu, bayan an watse, Kawu ya miƙo mini wani ɗan ƙunshi ya ce saƙo ne daga surukina. Na buɗe a gaban abokaina ina zaton agogo ne ko turare. Zariyar ce, da tuntunta, an wanke an goge. Ya ce Alhaji ya ce in riƙe tunda ina sonta, shi ya riga ya gaya wa telansa daga yau roba za a riƙa sa masa.

Abin da na koya kuwa bai da yawa. Duk abin da ka san wata rana za ka ja shi da hannunka, ka ajiye shi a ɓangarenka. In kuma ƙaddara ta kai shi ƙarƙashin babba, to ka daure ka buɗe baki, don kunyar magana ta minti ɗaya ce, kunyar hannu kuwa ga ni nan da 'ya'ya har yau ina shan ta. Alhaji yana shiga motata har yanzu in damina ta yi, kuma duk da robar, da zarar ya hango taɓo a gaba sai in ga hannunsa ya sauka kan ƙugu.